Mabuɗin Ofis a Wayar Wanda Ya Bar Aiki

 Sharhin yau zai taso ne daga rumfar zaɓe.

Ranar Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, malaman zaɓe a mazaɓar Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi a jihar Jigawa sun fita da umarni iri ɗaya da na takwarorinsu a rumfuna sama da 176,000 a faɗin Najeriya. Idan an gama ƙirga ƙuri'a, a cike takardar sakamako, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS, a tura shafin IReV don kowa ya gani da idonsa. A wurare da dama hotunan sakamakon 'yan majalisa suka riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi. Sai wajen ƙarfe tara na dare na farko ya samu shiga.

Bayan shekara guda hukumar INEC ta fitar da rahotonta, ta kuma faɗi dalili. A cewarta, an gina manhajar ne ta riƙa jera kowane sakamako a ƙarƙashin jiha, sannan ƙaramar hukuma, sannan mazaɓa, sannan rumfa. Zaɓen sanata yana da jiharsa, na ɗan majalisar wakilai ma haka. Na shugaban ƙasa ba shi da jiha, domin ƙasar gaba ɗaya ce mazaɓarsa. Da hoton ya iso, sai manhajar ta rasa aljihun da za ta jefa shi, ta mayar da saƙon kuskure. Akwai waɗanda suka gamsu da wannan bayani, akwai waɗanda har gobe ba su gamsu ba, kuma wannan muhawara tana da nata zauren. Abin da ya shafi sharhin nan shi ne, ko a bakin hukumar kanta, abin da ya jefa ƙasa cikin zargi da zaman kotu na watanni bai wuce yadda aka jera kaya a ma'adanar intanet ba.

Wannan ma'adana ita ake kira gajimare. Manyan kwamfutoci ne jibge a wasu gine-gine masu sanyi, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, ana ba da hayarsu ta intanet. Microsoft ya buɗe irin waɗannan cibiyoyi a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a birnin Kef Tawun a 2020, Google kuma a Johannesbag a 2024. Wanda ya ajiye kayansa a can ba shi da ginin, ba shi da injin, bai ma san mai gadin ba. Abu ɗaya tak ya mallaka, wato asusun da yake shiga da shi. Duk wanda asusun ke hannunsa, kayan nasa ne.

Mutumin Roni ko Gwiwa a yankin Kazaure zai iya cewa wannan zancen manyan birane ne. To, ai tuni gajimaren ya sauka a ƙauye. Rahoton wata-wata na ƙananan asibitoci, na rigakafi da awon ciki da haihuwa, jami'in tattara alƙaluma na ƙaramar hukuma yana shigar da shi a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta ƙirƙira. Yaron da zai zauna jarrabawar JAMB yana da asusu da aka ɗaure da lambar wayarsa da lambarsa ta NIN. Ƙungiyar manoma tana da jerin sunayen mambobi a Google. Hatta hotunan biki da saƙonnin WhatsApp da mutum ke samu idan ya canza waya, daga can suke dawowa.

Ga yadda abin ya saba faruwa, kuma duk wanda ya taɓa aikin ofis a yankin zai gane hoton. Makaranta ta samu ɗan bautar ƙasa mai hannu a kwamfuta. Shugaban makaranta ya yi murna, ya ce masa, malam, ka taimaka ka zuba mana sunayen yara da makinsu. Saurayi ya buɗe Gmail da sunan makarantar, da aka nemi lambar waya ya sa tasa, don ita ce a kusa. Ya yi aiki tsakani da Allah, shekara ta cika, aka yi masa addu'a ya koma garinsu. Wata shida bayan haka kwamfutar ofis ta lalace, aka kawo wata, aka zo shiga, sai Google ya ce ya tura lambar tantancewa zuwa wayar da ke jikin asusun. Wayar tana wata jiha mai nisa. Idan an yi sa'a ya ɗauka. Idan kuwa ya yar da layin, kamfanin waya yana iya sayar wa wani da shi bayan ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai ya zamana mabuɗin makaranta yana aljihun baƙon da bai taɓa jin sunan garin ba. Ƙari a kan haka, tun daga Disambar 2023 Google ya ba kansa damar goge duk asusun mutum ɗaya da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Babu mugu a wannan labari, kuma nan ne ciwon yake. Saurayin ya taimaka, shugaban makaranta ya yaba, amma bayanan yara ɗaruruwa sun tashi daga hannun hukuma sun koma dukiyar mutum ɗaya ba tare da kowa ya sa hannu a takarda ba. Irin wannan ne ke samun ɗalibin da mai shagon kwamfuta ya yi wa rajista da imel ɗin shagon, da kuma hukumar da ɗan kwangila ya gina wa shafin intanet ya yi rajistar adireshin da sunan kamfaninsa. Ran da aka saɓa a kan ragowar kuɗin aiki, ran nan ake gane mai shafin.

Kamfanonin gajimare sun daɗe da sanin wannan matsala, domin manyan abokan cinikinsu sun riga kowa faɗawa cikinta: kowane sashe ya buɗe nasa asusu da katin bankin wani ma'aikaci, har a wayi gari ba wanda ya san adadinsu. Shi ya sa Amazon ya fito da tsarin tattara asusai ƙarƙashin inuwa ɗaya a 2017, Microsoft da Google ma kowanne yana da irinsa. Bakazaure ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin tsarin masarauta ne sak. Sarki a sama, hakimai a ƙarƙashinsa, sannan dagatai, sannan masu unguwanni. Dokar da ta fito daga fada tana gangarowa har lungu, dagaci kuma ba shi da ikon soke ta, amma yana da 'yancin tafiyar da garinsa a cikin iyakarta. Haka babban asusun hukuma yake zama a sama, ba a aikin yau da kullum da shi. A ƙarƙashinsa sashen lafiya yana da nasa yanki, sashen gona da nasa, na kuɗi da nasa. Idan daga sama aka ce ba mai iya fitar da fayil waje, ko ba mai iya kashe littafin da ke rubuta shige da fice, to ko shugaban sashe ba zai iya ba. Idan kuma ɓarawo ya fasa yankin sashen gona, katanga ta tare shi kafin ya kai ga takardun albashi.

Daga nan sai rabon iko. Ƙa'idar da masana tsaron kwamfuta suka yi ittifaƙi a kanta ita ce a ba kowa gwargwadon aikinsa, kada a ƙara. Malamin da ke shigar da maki ba ya buƙatar ikon goge aji guda. Akawun albashi ba shi da hurumi a fayil ɗin marasa lafiya. Kowa kuma ya shiga da sunansa. Ɗabi'ar nan ta rubuta kalmar sirri ɗaya a takarda a manna a jikin kwamfuta, mutum takwas suna amfani da ita, tana kashe amfanin littafin shige da fice gaba ɗaya. A ƙasar da ta sha fama da ma'aikatan bogi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan suna ya ɓullo a jerin albashi da tsakar dare, littafin zai nuna cewa an shiga, amma ba zai iya cewa wane ne ba, kowa kuma zai rantse.

Sai batun wanda ya bar aiki. A watan Afrilun 2018 wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco na Amurka. Wata biyar bayan tafiyarsa, a Satumba, ya shiga ma'adanar kamfanin da ke hannun Amazon ya goge injuna 456. Asusai sama da 16,000 na masu amfani da manhajar WebEx suka tsaya, wasu har mako biyu, kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 2, shi kuma kotu ta ɗaure shi shekara biyu. Cisco kamfani ne da sana'arsa ke nan, kayan sadarwa da tsaro yake sayarwa, amma ƙofar tsohon ma'aikaci ta zauna a buɗe wata biyar. Sai a auna da ofishin da ake yi wa ma'aikata canjin wurin aiki daga Karkarna zuwa Babura ko Dutse da takarda ɗaya, takardar miƙa aiki ta lissafa teburi da kujeru da fanka da babur, ba ta ambaci asusu ko ɗaya ba.

Kalmar sirri ita kaɗai ma ta daina isa. A 2024 ɓarayin intanet sun kwashi bayanan ƙungiyoyi kusan 165 masu ajiya a wurin kamfanin Snowflake, cikinsu har da kamfanin waya na AT&T. Ba katangar Snowflake suka fasa ba. Kalmomin sirri da aka sace suka yi amfani da su, wasu tun na shekarun baya, a asusan da ba a kunna musu tantancewa mai mataki biyu ba. Wannan mataki na biyu kyauta ne a yawancin manhajoji, minti kaɗan ke kunna shi. Sai dai a yankin nan yana da sharaɗi: layin da lambar za ta shiga ya zama na ofis, a san inda yake kwana, a riƙa sa masa kati, kuma a samu mutum biyu masu iko a kan babban asusu, domin rai da lafiya ba a hannun kowa suke ba.

Kuɗi kuwa, nan ne gajimare ke cin mutum bai sani ba. Ba sayen kaya ba ne da za a biya sau ɗaya a huta, mita ce ke juyawa dare da rana. Injin da aka kunna don gwaji aka manta da shi yana nan yana ƙirga awoyi. Yawancin lissafin kuma da dala ake yi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ke biyan dala 200 a wata, wato wajen naira 92,000, ta wayi gari tana neman naira 300,000 ba tare da ta ƙara ko fayil ɗaya ba. Amazon ya fara karɓar naira a Janairun 2025, wannan ya rage wahalar neman canji, amma bai sauke farashi ba. Alherin kyauta ma yana da wa'adi: Google ya daɗe yana ba makarantu wurin ajiya mara iyaka, sai ya ƙayyade shi zuwa terabayit 100 ga kowace makaranta daga Yulin 2022. Maganin da ake amfani da shi a ko'ina mai sauƙi ne. Duk abin da aka kunna a liƙa masa alama mai ɗauke da sunan sashe da sunan mai kula da shi da kuma aikin da yake yi, a sa iyakar kashe kuɗi da za ta aiko da gargaɗi tun wata bai ƙare ba. Abin da aka samu ba alama, a nemi mai shi, in bai fito ba a kashe.

Akwai kuma masu ganin cewa tunda kaya yana hannun babban kamfani, ba zai taɓa ɓata ba. A watan Mayun 2024 asusun fansho na UniSuper a Ostareliya, mai mambobi sama da rabin miliyan da dukiya ta kusan dalar ƙasar biliyan 125, ya tashi ya tarar an goge ma'adanarsa a Google. Dalilin shi ne gurbi ɗaya da aka bari ba a cike ba lokacin da ake buɗe ta, sai injin ya ɗauka wa'adin shekara guda ne, da ta cika ya share. UniSuper yana da kwafi a yankuna biyu, amma duka biyun a ƙarƙashin asusu ɗaya suke, tare suka tafi. Abin da ya cece shi wani kwafi ne da ya ajiye a wurin wani kamfani dabam, duk da haka sai da aka yi kusan mako biyu kafin al'amura su daidaita. Koriya ta Kudu ba ta samu wannan sa'ar ba. Gobarar da batura suka haddasa a cibiyar bayanan gwamnati da ke Daejeon ranar 26 ga Satumban 2025 ta cinye ma'adanar fayilolin ma'aikata mai terabayit 858, wadda ba a yi mata kwafi ba saboda girmanta.

Ga ƙaramin ofis a Gwiwa, darasin bai fi ƙarfin faifan ajiya ɗaya da ake sabuntawa duk ƙarshen wata a kulle a sef ba. Zai kuma yi rana a irin 14 ga Maris na 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka yi cirko-cirko.

Doka ma ta riga ta shigo. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da manufar ƙasa kan gajimare, wadda ta ce hukumomin gwamnati su fara duba shi kafin sayen injunan kansu, ta kuma raba bayanai aji-aji, mafi sirri dole su zauna a cikin ƙasa. A watan Yunin 2023 shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Dokar ta ce idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, mai riƙe da su ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72, tara kuma tana iya kai naira miliyan 2 ga ƙananan masu riƙe bayanai, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara idan ya fi haka. Ofishin da bai san adadin asusansa ba, ta yaya zai san an shiga ɗaya, balle ya kai rahoto cikin kwana uku? Sunan mace mai ɗauke da cuta, ko na gidan da ke karɓar tallafi, idan ya fita a gari irin Achilafiya inda kowa ya san kowa, tara ba za ta mayar wa mutum da mutuncinsa ba.

Abin da ya sa maganar ta fi dacewa da wannan yanki shi ne tarihinsa. Tun 2001, lokacin da yawancin jihohi ba su san inda aka dosa ba, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure tare da haɗin gwiwar Informatics na Singafo, ta kuma kafa kamfanin Galaxy ITT. A 2006 gwamnatin tarayya ta kafa Galaxy Backbone, wanda Jigawa ke da hannu a kafuwarsa, don ya tattara harkokin sadarwar hukumominta wuri guda, kuma a Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta kamfanin a Kano. Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja da aka naɗa shugaban NITDA a 2019, ya yi shekaru yana aiki a Galaxy Backbone. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka amince da kafa ta a Babura a 2021. Da wuya a samu wani yanki na karkara a Arewa da ya tara masu wannan ilimi haka. Abin da ya yi saura shi ne aikin da ba a yanka masa kyalle, ba a kiran 'yan jarida: zama a lissafa abin da ake da shi, a rubuta sunan mai shi.

Lokaci kuma yana matsowa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk ranar da hakan ya zauna da gindinsa, masu tallar manhaja za su yi layi a sakatariyoyi, wannan da ta tattara haraji, wancan da ta albashi, wani da shafin intanet. Shugaban ƙaramar hukumar da zai sa hannu ya kamata ya tambaya tun kafin a yi maganar farashi: da sunan wa za a buɗe asusun, a wace ƙasa bayanan za su zauna, kuma idan aka rabu, a wace siga za a dawo da su? Adireshin shafi ya zama na gwamnati mai ƙarewa da gov.ng, wanda ba a ba ɗan kasuwa. Ɗan kwangila a ba shi ƙofar shiga mai wa'adi, babban mabuɗi ya zauna a sakatariya.

Mafarin gyaran ba ya buƙatar kasafi. Rajista ce, ko da a littafi mai bango: sunan asusu, aikin da yake yi, imel da layin wayar da ke jikinsa, mutum biyun da ke da iko a kansa, ranar biyan kuɗi, da wurin da kwafin yake. Ɗaliban Kazaure da Babura da ake turawa koyon aiki a ofisoshi za su iya zagayawa sashe-sashe su haɗa ta kafin wa'adinsu ya cika, ya fi musu zaman jiran a aike su kwafar takarda. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi zai iya sa ta cikin abin da yake nema duk shekara, kamar yadda yake neman littafin sito. Shugaban ma'aikata kuma ya ƙara layi ɗaya a takardar miƙa aiki, kada a sallami kowa sai an rufe ƙofarsa a ranar. Ita rajistar ba a rubuta kalmomin sirri a cikinta. Na babban asusu a sa shi a ambulan, a liƙe, mutum biyu su sa hannu a bakinsa, a ajiye a sef ɗin ma'aji, kuma duk ranar da aka farke ambulan ɗin a canza kalmar kafin a tashi daga aiki.